Idona Biyu Aka Ciro Mini 'Yata

A gidan da na tashi, a wani gari na kudancin Katsina, mace ba ta kuka a kan gwiwa. Tun ina ƙarama nake jin ana yabon matan da suka shiga ɗaki su kaɗai suka haihu, ba wanda ya sani sai da aka ji kukan jariri. Innarmu tana cikin waɗanda ake kafa misali da su. An ce ranar da ta haife ni sai da ta gama dakan tuwon dare, sannan ta shiga ɗaki ta turo ƙyaure, ungozoma yankan cibi kawai ta zo yi. Da wannan ma'auni ake auna mace a wurinmu, ni ma da shi na girma ina auna kaina.

Asibiti kuwa wurin da ake kai wadda haihuwa ta gagara ne. Akwai wata gwaggona da ta yi kwanaki tana naƙuda a gida, sai da ta galabaita aka ɗauke ta a bayan a-kori-kura zuwa birni. An yi mata aiki, ba ta dawo ba. Ban taɓa jin wani ya ambaci kwanakin da ta yi a ɗaki kafin a ɗauke ta ba. Abin da ya zauna a bakin mutane kawai shi ne: aiki aka yi mata. Tun daga lokacin, idan na ji an ce tiyata, makara nake gani.

Cikina na fari, na koma gida goyon ciki kamar yadda aka saba. Naƙuda ta zo, na daure yadda aka koya mini, aka yi rubutu, aka yi jiƙo, aka yi addu'a. Kan ɗan ya ƙi wucewa. Kafin a kai ni asibiti ya riga ya daina motsi. Abin da nake iya tunawa shi ne gudun gadon da aka tura ni a kai, da robar da aka kifa mini a fuska. Na farka da amai, maƙogwarona yana zafi, cikina a naɗe, hannuna babu komai. Namiji ne, an ce mini. An riga an yi masa sutura an kai shi. Har yau ban san kamanninsa ba. Masu zuwa gaisuwa suna cewa Allah ya sa mai ceto ne, ina amsawa da amin, amma abin da ke cin raina shi ne na ɗauke shi wata tara, kowa ya ga fuskarsa ban da ni.

Likitan da ta sallame ni ta ce in huta kamar shekara biyu kafin wani cikin, in fara awo da wuri, kuma kada in sake yarda naƙuda ta same ni a gida. Maigida ya riƙe wannan magana fiye da yadda ni na riƙe ta.

Da Allah ya kawo ciki na biyu muna zaune a Zariya. Ban fasa awo ba. A watannin ƙarshe hoton ciki ya nuna jaririyar a gicciye take, kai ta wannan gefe, ƙafafu ta wancan, kuma ta ƙi juyawa. Likita ya zaunar da mu ni da maigida. Ya ce ga tsohon ɗinki a mahaifa, ga kwanciya a gicciye, jiran naƙuda kasada ce, don ɗinkin yana iya ɓallewa, ko faya ta fashe cibiya ta rigayi jariri fitowa. Ya sa mana rana a mako na 39, lokacin da huhun jariri ya nuna kuma naƙuda ba ta kai ga tashi ba. Ya ce idan na ga ruwa ko jini ko ciwon mara kafin ranar, in taho ko tsakar dare ne. Sannan ya ƙara da abin da ya hana ni barci: wannan karon ba za a sa ni barci ba, allurar baya za a yi mini, idona biyu za a yi aikin.

A kan bencin awo babu labarin da ban ji ba. Wata ta ce 'yar ƙauyensu allurar baya ta shanye mata ƙafa. Wata ta ce duk wadda aka yi wa ita ta haɗu da ciwon baya har kabari. Wata kuma ta ce sabon abu ne ake gwadawa a kanmu. Babu wadda ta ce a jikinta abin ya faru, kullum wata ce ta ji daga wata. Duk da haka maganganun sun shige ni. Nakan tashi cikin dare in shafa ƙashin bayana ina tunanin inda za a soka.

A gida ma ba a rasa magana ba. Surukata, mace mai ƙaunata, ta kira ɗanta ta ce ita ba ta taɓa jin inda mutum ya yanke wa haihuwa rana ba, a bari lokacin da Allah ya ɗiba ya yi. Ina daga ɗaki na ji amsarsa. Ya ce, "Hajiya, ranar da suka sa ɗin ma, in Allah bai nufa ba ba za ta yiwu ba. Wancan karon mun jira, kin ga abin da muka gani." Ta yi shiru, can ta ce Allah ya raba lafiya. Washegari ya je ya sa hannu a takarda, ƙannensa biyu suka ba da jini aka ajiye.

Ana gobe aikin, da yamma, wata dattijuwar ma'aikaciya ta zo bakin gadona ta ce ita ce za ta yi mini allurar. Ta tambaye ni ko ina shan maganin tsinka jini, ko jini yana daɗewa bai tsaya mini ba, ko akwai maganin da jikina ba ya so. Ta duba bayana, ta sa na buɗe baki ta leƙa. Da ta ga hannuna yana rawa sai ta ja kujera ta zauna. Na kwashe duk abin da na ji a benci na faɗa mata.

Ta ce lakar da ke cikin ƙashin baya ba ta kai har ƙasa ba, tana ƙarewa ne sama da ƙugu. Ita a ƙasa da nan take shiga, ta tsakanin gaɓoɓi biyu, zuwa wani ruwa da jijiyoyin ƙafa da na ciki suke ratsawa. Maganin, bupivacaine ta ce sunansa, wanda za ta zuba bai fi rabin ƙaramin cokali ba. Yana hana jijiyoyin kai saƙon ciwo na 'yan awoyi, sannan jiki ya kwashe shi. Allurar ba a barin ta a jiki, ana zubawa ake zarewa. Ta ce ga mai ciki wannan ya fi barci aminci, saboda abinci yana daɗewa a cikin mai juna biyu, in tana barci amai na iya komawa huhu, kuma maganin barci yana ratsawa ya kai ga jariri ya fito a kasalance. Ba ta ɓoye mini cewa akwai matsaloli ba: jini yana sauka, wasu suna samun ciwon kai bayan kwana ɗaya ko biyu, wani lokaci allurar ba ta kamawa sosai sai an sake ko a koma ga barci, lahanin jijiya mai ɗorewa kuma yana yiwuwa amma da wuya ƙwarai. Zancen sabon abu kuwa, daga baya na karanta cewa tun 1898 wani likitan Jamus, August Bier, ya fara yi wa marasa lafiya tiyata da irin wannan allura. Ta girmi kakannina.

Da za ta tashi ta riƙe hannuna ta ce, "'Yata, na san yadda aka rene mu. Gobe ban son jarumta. Duk abin da kika ji, ki faɗa mini da bakinki a lokacin da kika ji shi. Na'ura tana nuna mini wasu abubuwa, sauran sai ke."

Wannan magana ta fi mini allurar wuya. Ni da aka koya wa cije leɓe tun ban san ciwon kaina ba, yau ana ce mini shirun nan shi ne haɗarin.

Daga tsakar dare aka hana ni abinci. Na kira Inna na nemi yafiyarta, na nemi ta maigida. Da safe aka cire mini 'yan kunne da awarwaro, aka sa mini allurar ƙarin ruwa a bayan hannu, aka ba ni rigar da bayanta a buɗe yake. Da ƙafata na taka zuwa ɗakin tiyata. Wannan kaɗai ya bambanta ranar da wancan karon, na shiga ina sane da kowace ƙofa da na wuce.

Ɗakin sanyi ƙalau, ga fitila mai haske, ga mutane kowa da ƙyalle a fuska, cikinsu har da maza. Kunya ta rufe ni. Na ce wa nas ɗin da ke kusa, "Don Allah a rufa mini jiki," ta kuwa yafa mini zani ta bar bayan kawai. Wannan ce magana ta farko da na yi, kuma na ga ba wanda ya yi mini kallon raguwa.

Aka zaunar da ni a gefen gadon aikin, ƙafafuna a kan ɗan benci. Aka ba ni matashi na rungume. Aka ce in saki kafaɗu, in sa haɓa a ƙirji, in turo bayana waje. Da tsohon ciki wannan zama ba sauƙi, numfashi ma da ƙyar. Nas ta tsaya a gabana ta dafa kafaɗuna, na jingina goshina a jikinta ina karanta Hasbunallahu wa ni'imal wakil. A bayana dattijuwar tana faɗa mini kowane abu kafin ta yi shi. Ruwan wanke fata ya fara sauka, sanyinsa ya sa na zabura. Sai yatsunta suna danna ƙasusuwan ƙuguna, suna bin tsakiyar baya suna lalube. Ta ce, "Ga ƙaramar allura, za ta yi yaji." Ta yi yajin, na ɗan lokaci ƙanƙani, kuma wallahi wadda aka sa mini a bayan hannu ta fi ta zafi.

Babbar allurar da na yi makonni ina tsoro, ban ji tsininta ba. Dannawa na ji, mai nauyi, can ciki, a wurin da ban taɓa jin an taɓa ni ba. Ba ciwo ba ne, amma jiki ba ya son sa, yana so ya gudu. Ana cikin haka wani abu ya tsarga mini ta ƙafar hagu har yatsu, zir, sau ɗaya. Da a da ne da na haɗiye. Na ce, "Mama, ƙafata ta hagu!" Ta tsaya cak, ta ce madalla da na faɗa, ta ɗan gyara, ta tambaya ko ya tafi. Ya tafi. Ta ce kada in motsa yanzu. Kafin in gama salati uku ta ce an gama.

Ɗumi ne ya fara zuwa. Ya taso daga mazaunai, ya gangara cinyoyi, ya sauka har tafin ƙafa, mai daɗi ma a cikin wannan sanyi. Suka yi maza suka kwantar da ni tun ina iya taimaka musu, suka karkata gadon ta hagu. Na ji kamar zan zame, aka ce da gangan ne, don nauyin mahaifa ya sauka daga kan babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya. Ƙafafuna suka fara tsattsarga, suka yi nauyi, suka yi nisa da ni. Aka ce in ɗaga ƙafar dama. Na ba ta umarni da dukkan ƙarfina, ko gezau. A nan ne tsoro na gaske ya kama ni, duk labaran benci suka dawo. Wani abin mamaki, a raina ina jin gwiwoyina a lanƙwashe suke yadda na zauna, alhali an ce mini a miƙe suke. Na faɗa mata. Ta ce haka ake so, alamar magani ya kama ke nan, ƙafafuna za su dawo kafin la'asar. Robar fitsari ma a lokacin aka sa, ban san an sa ba.

Ba su fara ba sai da suka gwada. Ta jiƙa auduga da ruwa mai sanyi ta taɓa kafaɗata, na ce sanyi. Ta taɓa cikina, na ce ina jin taɓawa amma babu sanyi. Ta riƙa hawowa da ita sannu a hankali har wajen nono kafin sanyin ya dawo. Aka kafa labule a ƙirjina. Likita ya tambaya ko na ji wani abu, na ce kamar an dafa ni. Ashe matsa fatar ya yi da ƙarfe iya ƙarfinsa.

Sai kuma duniya ta fara juya mini. Hamma, zufa mai sanyi, tashin zuciya, kunnuwana suna shuu. Na ce, "Zan yi amai, jiri nake ji." Kafin in rufe baki ta riga ta zuba wani magani a robar hannuna, ta juya mini kai gefe, ta ƙara gudun ruwan. Jinina ne ya sauka, domin allurar tana sakin jijiyoyin jini na rabin jiki. Cikin minti ɗaya ko biyu idona ya washe. Can kuma na ji kamar numfashina ba ya isa ƙasa. Na faɗa. Ta ce in matse hannunta, na matse. Ta ce mai magana da matse hannu tana numfashi, ƙirjin ne ya sage shi ya sa ba na jin shigar iskar, ta sa mini iskar oksijin a hanci, ta karanta mini lambar da na'ura ke nunawa. Hankalina ya kwanta. Karkarwa kuma ta zo, haƙorana suna haɗuwa, hannuwana suna rawa ba da izinina ba. Ita ma an ce ba baƙuwa ba ce, aka lulluɓe mini kafaɗu.

Abin da nake so kowace mace ta sani kafin ta shiga shi ne, allurar tana ɗauke ciwo amma ba ta ɗauke jin motsi. Ina jin ana ja, ana turawa, ana jijjiga ni har gadon yana motsi. Kamar ana tuƙin tuwo ne ni ce tukunyar, ina jin kaiwa da komowar muciya, wutar ce kawai ba na ji. Wadda ba a gaya wa ba za ta ɗauka maganin ne bai kama ba, ta firgita. Wadda kuma ta ji zafi na gaske, mai kaifi ko mai ƙuna, wannan ba abin daurewa ba ne, ta faɗa nan take, akwai abin da za su ƙara mata.

Likita ya ce zan ji an danne ni sosai. Aka danna saman cikina har na ce wash da ƙarfi. Na ji ƙarar na'urar zuƙe ruwa, na ji wani nauyi ya bar jikina gaba ɗaya. Shiru na ɗan lokaci, wanda a wurina ya fi daren jiya tsawo. Sai kuka, siriri da farko, sannan ya buɗe. Wani ya ce, "Barka, mace ce." Aka ɗago ta saman labulen, jikinta duk farin maiƙo, fuska a yamutse, hannu a dunƙule. Na kalle ta da idona. Da aka goge ta aka kawo ta aka jingina kuncinta da nawa, na fashe da kuka mai sauti a gaban maza da mata, na wannan da ta zo da na wancan da ban gani ba. Dattijuwar ta bar ni na yi, tana share mini hawaye da auduga saboda hannuwana suna ɗaure da na'urori.

Fito da ita bai fi minti 10 ba. Ɗinkin ne ya ɗauki lokaci, fiye da rabin awa, ina jin su suna hirarsu ƙasa-ƙasa suna ƙirga ƙyallaye da kayan aiki. A waje babanta ya karɓe ta ya yi mata huɗuba. Ban kai ga barin ɗakin farfaɗowa ba aka sa mini ita a nono.

Ƙafafuna sun dawo kamar yadda aka ce. Babban yatsa ne ya fara motsi, sai idon sawu, sai gwiwa. Na yi hamdala a fili. Amma tare da su ciwon yankan ya iso, kuma shi ba wasa ba ne. A nan ma magana ce ta cece ni: nas ta ce in nemi maganin ciwo tun yana tasowa, kada in bari ya kai ƙarshe. Washegari aka tayar da ni na taka, a duƙe, ina riƙe da ciki, don tafiya tana hana jini daskarewa a ƙafa. Matar da ke gadon kusa da ni ita ta samu ciwon kan da aka faɗa, in ta tashi zaune kai kamar zai tsage, in ta kwanta ya lafa. Ta gaya musu, suka ba ta magani da ruwa, suka sa ta kwanciya, kafin a sallame ni ta fara zama. Ni wurin allurar ya yi mini tsami na 'yan kwanaki, shi ke nan. Ciwon baya nakan yi shi jefi-jefi, amma yayyena da suka haihu a ɗaki ma suna yi. Ciki da goyo da duƙawar wanki da shara sun isa su sa shi.

Da muka koma gida Inna ta zo da shirin wankan jego. Likita ya riga ya ce a kiyaye ɗinkin, kada a yi masa tafasasshen ruwa, a bar kunun kanwa saboda hawan jini da zuciya. Muka sasanta a kan ruwa mai ɗumi da kunun gyaɗa. Ranar suna wata baƙuwa ta ce, "Ayya, ashe wannan ma ba da kanki kika haihu ba." Inna ce ta amsa mata, ita da ake kafa misali da ita. Ta ce, "Da wa ta haihu? Ni dai na ga jikata da ranta, na ga 'yata da ranta."

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna a lokacin kusan haihuwa 3 cikin 100 ne kawai ake yi ta hanyar tiyata a Najeriya, alhali tun 1985 masana da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tara suka ƙiyasta abin da ya dace tsakanin 10 zuwa 15. Idan na ga wannan tazara, gwaggona nake gani a ciki, da ɗana. Na san ba tsoro kaɗai ba ne, akwai nisa, akwai kuɗi. A watan Nuwamba na 2024 ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi a asibitocin da ke cikin tsarin, don haka wadda aka sa wa rana ta tambaya tun a wurin awo ko asibitinta yana ciki.

Yarinyar yanzu tana firamare. Matan unguwa sun san an yi mini aiki sau biyu, ban ɓoye ba, shi ya sa duk wadda aka ce za a yi wa allurar baya sai a turo ta wurina. Nakan zaunar da ita a bakin gado in nuna mata yadda za ta lanƙwasa bayanta, in gaya mata zancen ɗumin, da ƙafar da za ta ƙi ɗaguwa, da jirin, da jan da za ta ji, in sa ta maimaita da bakinta abin da za ta ce idan ta ji zafi. A makon nan ma akwai wata amaryar bara a layinmu da aka ce mabiyiya ta tare mata hanya, an sa mata rana, ita ta yarda amma mijin bai sa hannu ba tukuna. Maigida ya ce zai same shi bayan sallar isha'i, ni kuma gobe zan raka ta awo.